Buhunan Waken da Aka Jibge a Ɗakina

Edita, na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa, domin abin da zan faɗa ba abin alfahari ba ne, kuma na san akwai waɗanda za su karanta su ce ga wata mara kunya ta fito tana tona asirin gidan aure. To su faɗa, sun daɗe ba su faɗa ba. A lokacin da abin nan ya faru shekarata ashirin da uku, ina aure a wani ƙauye ta wajen Kaikai a ƙasar Kusada, ina da ɗiya guda 'yar shekara biyu da rabi. Ni haifaffiyar yankin Tafashiya ce, na yi sakandare a Kankia har na gama. Don kada wani ya fara tausaya mini ta inda bai dace ba, babu wanda ya yi mini dole, ni na ga mutumin na ce ina so. Manomi ne, yana kuma taɓa sayen wake da kaka ya ajiye, sai damina ta kankama ya fitar kasuwa. Mutum ne mai tsafta, mai fara'a a waje, in ya zo zance har ƙannena sai sun yi dariya. Ni kuwa a wancan lokaci irin matan nan ce da ake nuna wa 'yan mata a ce su yi koyi da ita. Ba a jin muryata ta katanga, ban taɓa ce wa maigida a'a ba, kuma yabon da ake yi mini yana yi mini daɗi har cikin raina. Yau in na tuna yadda kaina yake kumbura da wannan yabo, sai in ji kamar in kwaɗa wa kaina mari.

A gidan, kamar gidaje da yawa a yankinmu, hatsi harkar maza ce. Mace ba ta hawa rumbu, ba ta kwance bakin buhu, ba ta tambayar abin da ya rage. Da safe maigida zai auno abin da za a ci ya zuba a ƙwarya, ke kuma ki karɓa da hannu biyu ki je ki surfa. Tun satin farko uwar mijina, wadda muke ce wa Inna, ta zaunar da ni ta karanta mini wannan doka, ta ce macen da ta sa ido a kan hatsin mijinta ta fara neman raina shi ke nan. Na ce to. Wallahi ɓera ma ya fi ni 'yancin kusantar buhu a gidan nan, amma ban ga aibun abin ba a lokacin, tunda ana auno mana ba ma kwana da yunwa.

A shekarar da abin ya faru ɓarayi suka dami ƙauyen, suka fasa shagon wani maƙwabcinmu suka kwashe masa amfanin gona. Sai maigida ya ji tsoro, ya kwaso buhunan wakensa guda tara daga shagon ƙofar gida ya shigo da su ɗakinsa. Da ruwa ya fara sauka, ya duba ya ga ƙwari sun fara huda waken, sai ya je kasuwa ya sayo maganin da 'yan hatsi ke ce wa bom. Ga wanda bai sani ba, ƙwaya ce mai launin toka, ana naɗe ta a ƙyalle a cusa cikin buhu, sai ta riƙa fitar da iska mai guba tana kashe ƙwarin har ta narke ta zama gari. Ya cusa ya ɗaure. Kwana biyu kacal ya yi da buhunan nan a ɗakinsa, ya tashi yana dafe kai, yana cewa warin ya hana shi sakat, zuciyarsa sai tashi take. Ku ji fa, da kansa ya ɗanɗana. Maganin da ya samo wa matsalar shi ne ya kira mutum biyu suka kinkimo buhunan suka jibge mini a ɗaki, a bayan gadon da nake kwana da ɗiyata. Da yake ya ga wasu ƙwarin suna motsi, sai ya kwance bakin kowane buhu ya ƙara sabuwar ƙwaya. Na tambaye shi a hankali, cikin ladabin nan nawa na banza, ko babu wani wurin. Ya ce ɗakin mace ne ɓarawo ba ya tunanin dubawa, kuma ai ni ba wani aikin ƙarfi nake fita yi ba balle ciwon kai ya hana ni.

Gwangwanin maganin ya bar shi a bakin taga. Na ɗauka na duba. Akwai hoton ƙoƙon kan mutum a jiki, akwai rubutun Turanci da ke cewa kada a yi amfani da shi a inda mutane ko dabbobi ke kwana. Shi bai iya karanta wannan ba, ni ce na iya. Abin da na yi a ranar shi ne gaskiya ta farko da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Na karanta, na gane, na mayar da gwangwanin inda na gan shi, na ce a raina zan samu lokacin da ransa yake fari in yi masa magana.

Washegari na tashi kaina kamar an ɗaure shi da igiya. Ɗakin ya cika da wani wari mai kama da na tafarnuwa. Da na zo shara sai ga tsaka biyu a ƙasa sun bushe, ga kyankyasai a kife. Kazata da ke kwanci a lungun ƙofa ta bar ƙwanta ta fito tana layi, kafin azahar ta mutu. Da na kai wa maigida abinci na durƙusa na faɗa masa duk wannan, har da abin da na karanta. Sai ya yi dariya, ya ce ashe ma na samu maganin sauro kyauta ina ƙorafi. Da na sake cewa yarinya nake ji wa tsoro, sai ya sha mur, ya ce abin da ya sa tun farko aka hana shi auren 'yar boko ke nan, daga karanta jikin gwangwani na zama likita. Ya ce shekara nawa yana wannan sana'a ba a taɓa koya masa ita daga madafi ba. Na ba shi haƙuri. Ni na ba shi haƙuri, jama'a, kamar ni ce na yi laifin.

A kwana na biyu ɗiyata ta fara amai da gudawa. Yarinyar da ba ta zama wuri ɗaya, kullum tana bin 'yan awaki da kara tana kiran su da sunayen da ta raɗa musu, sai ga ta a kwance jikina tana cewa in ba ta ruwa. Na lura in muna tsakar gida ƙarƙashin dalbejiya takan ɗan warware har ta nemi fura, da mun koma ɗaki sai ta sake yin laushi. Na ɗauke ta na je wurin Inna, na roƙe ta ko dai ta yi wa ɗanta magana, ko ta bar mu mu riƙa kwana a ɗakinta har warin ya fita. Tsohuwar nan ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce su a zamaninsu a kan hatsi suke haihuwa, a kan hatsi suke yaye, babu abin da ya same su. Ta ce zazzaɓin damina ne, kowane gida akwai shi. Batun kwana a ɗakinta kuwa ta ce ba da ita ba, don gobe a ce na yi yaji a cikin gida ita ta ɗaure mini gindi. Na ce mata zamaninsu da toka da barkono ake ajiyar wake, ba da wannan guba ba. Nan ta ce in tashi in ba ta wuri tun ba ta gaya wa ɗanta na fara mayar mata da magana ba. Na tashi. Buhunan nan suna nan, na fi ƙarfin in ja su ɗaya bayan ɗaya zuwa tsakar gida, ni da nake dakan gero kullum. Amma ko taɓa su ban yi ba, don kada a ce na taɓa kayan maigida.

A rana ta uku da safe jikin yarinyar ya yi tsanani, ni ma ina ta jiri. Da ya ga haka sai ya ɗauke mu a babur zuwa wani ƙaramin asibiti ta wajen Kusada. A kan hanya, kafin mu isa, ya rage gudu ya juyo ya ja mini kunne. Ya ce kada in kuskura in buɗe baki in yi maganar wake a gaban mutane, domin asibiti ba irin wanda babu, daga nan zance zai kai kunnen ɓarayi cewa yana da kaya a cikin gida. Ya ce in aka yi tambaya shi zai amsa, tunda shi ne maigida. Iskar hanya ta ɗan farfaɗo da ɗiyata, har tana nuna mini shanu da yatsa.

Malamar asibitin da ta duba mu mace ce mai hankali, ba zan ɗora mata laifin komai ba har abada. Da ta ga uwa da ɗiya duk da ciwo iri ɗaya, ta tambayi abin da muka ci, ta tambayi ruwan da muke sha. Shi ne yake ta amsawa. Sai ta ajiye biro ta tambaya ko an yi feshi a ɗakin da muke kwana, ko akwai hatsin da aka sa wa magani a ciki. Kafin ta rufe baki ya ce babu, hatsinsa duk yana rumbu. Matar nan ba ta yarda da shi ba, na ga haka a idonta. Ta juyo ta dube ni, ta ce da ni take magana, ni da nake kwana a ɗakin. Yana tsaye a kaina, ina jin numfashinsa. Abin da ya zo mini a rai a wannan lokaci, Allah ya gani, ba yarinyar da ke kan cinyata ba ce. Tunani nake yaya za a yi in ƙaryata mijina a gaban wata mace, me zai yi mini in mun koma, me Inna za ta ce, da wane ido iyayena za su dube ni in aka kore ni a kan wannan. Na sunkuyar da kai na ce yadda ya faɗa haka ne. Sai ta rubuta mana maganin zazzaɓi da ruwan gishiri da sukari, ta ce in ba sauƙi mu dawo da gaggawa.

Mun dawo gida da hantsi, ya sauke mu ya wuce gona. Bayan azahar hadari ya haɗo, ruwa ya kece da iska mai ƙarfi. Tsakar gida ba wurin zama, Inna ta turo ƙyaurenta. Yarinya ta yi barci a bayana, ga tuwon dare ban ɗora ba, kuma na san halinsa in ya dawo daga gona bai tarar da abinci ba. Na shiga ɗakin nan na kwantar da ita a kan gado. Feshin ruwa yana shigowa, sai na rufe taga, na jawo ƙofa, don kada sanyi ya kama ta. Da hannuna na rufe. Daga baya likita ya gaya mini damshi ne ke sa ƙwayar ta fi fitar da gubarta. Na tafi madafi ina fama da jiƙaƙƙen icce, hayaƙi yana cika mini ido, na yi talge, na tuƙa, na kwashe, na kaɗa miya. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, amma har la'asar ta yi.

Da na buɗe ƙofa warin ya buge ni har sai da na ja baya. Tana kwance yadda na bar ta, amma numfashinta sama-sama yake fita da sauri, leɓɓanta sun yi duhu, na kira ta ba ta buɗe ido ba. Na sungume ta na fita cikin ruwa ba mayafi ba takalmi. Inna ta leƙo tana tambayar ina za ni ba da izinin mijina ba. Ban ko waiwaye ta ba. Ran nan ne karo na farko da na taka ƙofar gidan ba tare da an ce in je ba, kuma ƙasa ba ta tsage ba, sama ba ta faɗo ba. Wani dattijo maƙwabcinmu mai motar ɗaukar kaya ya gan ni, bai tambaye ni komai ba ya buɗe mini ƙofa, muka kama hanyar Kankia cikin taɓo. A asibitin can likita ya yi mini tambayar da aka yi mini da safe. Wannan karon na faɗi gaskiya, na faɗa da ihu ma, amma ta riga ta zama mara amfani. Ya ce wannan guba ba ta da makari, sai dai a taimaka wa numfashi a jira ikon Allah. Sun yi iya ƙoƙarinsu. Kafin a kira magariba ɗiyata ta cika a hannuna.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai ya faru washegari, bayan an dawo daga maƙabarta. Ina zaune cikin mata, sai na ga maigida ya shigo da mutum biyun nan, suka shiga ɗakina suka fitar da buhunan zuwa zaure, wai don masu gaisuwa su samu wurin zama. Ina kallo. Aikin bai kai a tafasa ruwan shayi ba. Abin da na yi kwana uku ina roƙo a durƙushe ke nan. Har na gan shi ya cusa hannu a buhu ɗaya ya ɗebo waken yana dubawa a tafin hannunsa ko ya yi damshi. Duk wanda ya zo gaisuwa sai a ce masa zazzaɓi ne, kwana ya ƙare. Shi kuma ya same ni gefe ya ce abin da ya wuce ya wuce, kada in yarda shaiɗan ya sa ni faɗin abin da zai zubar masa da mutunci a gari.

Ranar addu'ar bakwai na tashi a tsakiyar mata na faɗi komai, tun daga ciwon kansa da ya sa ya kwaso buhunan har zuwa ƙaryar da muka yi wa malamar asibiti, ni da shi. Gida ya kaure. Inna ta ce na yi saɓo, ina ja da ƙaddara. Na ce mata ni musulma ce, na yarda babu mai wuce ranarsa, amma ban taɓa jin malamin da ya ce ƙaddara tana wanke wanda aka gaya wa guba ce ya yi dariya ba. Na ce ita ma da ta hana jikarta kwana a ɗakinta ta shirya amsar da za ta bayar. Wata gwaggonsa ta ce baƙin ciki ne ya taɓa mini kai, a yi mini rubutu. Abin takaici, har mahaifiyata da na zata za ta tsaya mini sai ta ja ni ɗaki tana kuka, tana cewa in yi wa Allah in rufa musu asiri, in ba shi haƙuri, Allah zai ba mu wata. Wata! Kamar kwano ne ya fashe za a sayo sabo. Na bi mahaifiyata zuwa gidanmu a ranar, na ce ko za a yanka ni ba zan koma ba. Ya yi wata biyar yana ja mini rai, yana aiko dattawa, kafin ya aiko da takardata. Har yau a ƙauyen ba a kiran sa wanda ya yi sanadin ɗiyarsa. Ni ake kira wadda ta tona wa mijinta asiri a zaman makoki.

Yanzu ina Kankia wurin yayana, ina ɗinki. Ƙirjina bai koma daidai ba, ko daka na yi kaɗan sai in zauna ina haki. Ban yafe masa ba, ban yafe wa Inna ba, kuma duk mai shirin yi mini wa'azi a kan haka ya riƙe abinsa, na ji iri-iri. Amma wadda na fi jin haushi ita ce ni. Shi jahilci da girman kai ne suka yi masa yawa. Ni kuwa na sani. An raine ni a kan cewa mace ta gari ita ce wadda ba ta musu, har na kasa bambance biyayya da sakarci. Na ɗauka shiruna ibada ne, alhali tsoro ne kawai da son a yabe ni. Addinin da nake fakewa da shi bai ce in bar rai ya salwanta don kada namiji ya ji kunya ba, mu ne muka ƙirƙiro wannan muka jingina masa.

Ku maza, girman da aka ba ku a gida amana ce. Abin da ya hana ka barci a ɗakinka ba zai zama lafiya a ɗakin matarka ba. In kun je asibiti ka rufe bakinka ka bar mai ciwo ta yi bayani, ba a jikinka ciwon yake ba. Ku iyayen miji, ku ji tsoron Allah, surukar da ta zo muku da kuka a kan lafiyar jikanku ba raini ta kawo ba. Ku kuma 'yan'uwana mata, duk ranar da ta zama zaɓi tsakanin ɓacin ran maigida da ran ɗanki, ki ja buhun ki fitar, ki buɗe baki a gaban likita, ki fita ko ba izini. In saki ne a sake ki, ni ma an sake ni ga ni ina raye.

Dalilin da ya sa na ɗauki biron nan a ƙarshe shi ne, tsohon mijin nawa ya sake aure bara, kuma an ce mini yarinyar da ya aura ta haihu wata huɗu da suka wuce. Ban san ta ba, ba ni da komai da ita. Na aika wata tsohuwa ta je ta gaya wa mahaifiyarta abin da ya same ni, aka koro ta da zagi, wai baƙin ciki nake yi. An kuma tabbatar mini bana ma ya sayi wake da yawa, shagon ƙofar gida kuwa har yau tsoron ɓarayi bai bar shi ya ajiye kaya a ciki ba. Ni ba ni da ƙafar shiga gidan nan. Amma na san a cikin masu karanta wannan akwai wanda ya gane gidan da nake nufi. Don girman Allah, kada ka jira ruwa ya sauka, ka tura matarka ko ƙanwarka ta shiga barka ta leƙa bayan gadon yarinyar nan.